Darasi na Tara: Maigadin Kwamfutar Gida

A darasin da ya wuce mun koyi yadda ake ajiye takarda a folda da yadda ake kwafe ta zuwa filash. Yau za mu tsaya a kan abin da ke iya ɓata wannan wahala taku cikin dare ɗaya.

Da yawanku kun taɓa ganin haka. An aiki yaro shagon buga takardu da filash, don a fitar masa da aikin makaranta ko takardar neman aiki. Ya dawo gida ya soka filash ɗin a kwamfuta, sai ga foldoji duk sun canza kama, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Ya danna ɗaya, ta ƙi buɗewa. Kwana biyu kwamfuta ta yi nauyi, kunna ta ma sai an yi ta jira. Sai a ce bairos ya shiga.

Mene ne bairos?

Ba ƙwayar cuta ce mai rai ba, kuma ƙura ko zafin rana ba sa kawo shi. Manhaja ce, mutum ne ya zauna ya rubuta ta da mugun nufi. Abin ya daɗe. Tun a 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wani mai suna Brain, wanda ke bin tsohon faifan ajiya mai suna floppy daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Faifan ya zama tarihi, filash ya gaje shi, amma hanyar ba ta canza ba: hannu zuwa hannu.

Ba iri ɗaya ba ne. Wani hayayyafa kawai yake yi yana cika wuri, kamar gara a azara. Wani yana shigowa sanye da rigar abin kirki, a ce maka wasa ne ko manhajar kallon ƙwallo kyauta. Wani kuma laɓewa yake yi shiru, yana rubuta duk abin da ka danna, har da kalmar sirrin imel da lambobin banki, yana aika wa maigidansa. Shi wannan bai cika sa kwamfuta nauyi ba, don ba ya son a gane yana nan. Saboda haka kada wanda kwamfutarsa ke gudu lafiya ya ce shi ya tsira.

Mafi muni shi ne mai garkuwa da fayil. Yana kulle hotuna da takardu gaba ɗaya, sannan ya rubuta a allo cewa sai an biya kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wani mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki, yana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila har asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar da bairos ɗin ke bi ya shiga tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta kwamfutarsu abin bai taɓa su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maigadin da ke cikin gida

Idan kwamfutarka na da Windows 10 ko Windows 11, ta zo da maigadinta. Sunansa Microsoft Defender, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa. Mutane da yawa ba su san yana nan ba, har su je su sayi wani. Mu duba shi tare, kowa a kan kwamfutar da ke gabansa.

Danna alamar Windows da ke ƙasan allo. Rubuta "Windows Security", ka buɗe abin da ya fito mai hoton garkuwa. Za ka ga alamomi a jere. Koriyar alama tana nufin lafiya lau. Ruwan ɗorawa tana nufin akwai abin dubawa. Ja tana nufin a tashi tsaye yanzu. Ko ba ka jin Turanci, launi ya isa ya faɗa maka halin da ake ciki.

Shiga "Virus & threat protection", ka danna "Quick scan". Wannan bincike ne na gaggawa, 'yan mintoci ne. Idan kana da zargi mai ƙarfi, shiga "Scan options" ka zaɓi "Full scan", wanda ke bin kowane lungu, yana iya cin awa ɗaya ko fiye. Ka yi shi lokacin da akwai wuta ko batir ya cika. A nan kuma akwai wani zaɓi mai ɗauke da kalmar "Offline", wanda ke kashe kwamfuta ya sake kunna ta, ya yi bincike kafin bairos ya farka. Wannan na masu taurin kai ne.

Maigadi sai da labari. Kullum ana ƙirƙiro sababbin bairos, shi kuma yana gane su ne da bayanan da ake aiko masa ta intanet. Kwamfutar da ta yi wata uku ba ta ga intanet ba, maigadinta ɓarayin bara kawai ya sani. Na san data tana da tsada, na kuma san shi ya sa wasunku suka sa aka kashe musu sabuntawa. Ina roƙonku ku mayar da ita. Ko sau ɗaya a mako ne, ku haɗa kwamfutar da intanet ɗin waya, ku shiga "Windows Update" ku bar ta ta gama. Wanda har yanzu ke kan Windows 7 ya sani an daina aiko mata gyara tun 14 ga Janairun 2020. Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Irin wannan kwamfuta ba wurin shiga banki ba ce.

Na kyauta ko na kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini. Akwai manhajojin tsaro na kyauta irin su Avast da AVG da Avira. Akwai na kuɗi irin su Norton da McAfee da ESET, ana biya shekara-shekara. Wasu, kamar Bitdefender, suna da duka biyun. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada su, kamar AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, kuma a gwaje-gwajen 'yan shekarun nan Defender yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye.

To me kuɗin ke saya? Galibi ƙarin hidima ne: ma'ajiyar kalmomin sirri, hanyar taƙaita abin da yara ke kallo, lasisi ɗaya da zai rufe kwamfuta da wayoyin gida, da wanda za a kira idan an shiga matsala. Mai shagon da baƙin filash ke shiga kwamfutarsa safe da yamma, ko mai ajiye lissafin kasuwanci, idan ya biya bai yi asara ba. Amma magidancin da ke rubuta wasiƙa, yara na aikin makaranta, a ganina Defender da ake sabuntawa ya ishe shi. Gara ya kai kuɗin nan wurin sayen faifan ajiya na waje.

Na kyauta kuma yana da nasa farashin. Yakan dame ka da talla, yana tsorata ka don ka sayi babbansa. Wani lokacin abin ya wuce talla. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Avast ya biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abu biyu kan ruɗi mutane a nan. Na farko, sabuwar kwamfuta kan zo da manhajar tsaro ta gwaji, ta wata ɗaya ko makamancin haka. Idan kwanakinta suka ƙare ba ka da niyyar biya, cire ta gaba ɗaya, ka koma ka tabbatar alamar Defender koriya ce. Na biyu, kada ka tara manyan masu gadi biyu kana zaton tsaro ya ninka. Faɗa za su yi da juna, kwamfuta ta yi nauyi. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya.

Ƙofar da muke buɗewa da hannunmu

Babu maigadin da zai yi maganin ɓarawon da maigida ya shigo da shi da kansa. Aka kai kwamfuta wurin mai gyara, ya cika ta da manhajojin da aka fasa musu makulli, ya ce kyauta ce. Kafin su zauna sai ya kashe Defender, don shi ba ya yarda da su. Wanda ya fasa makullin nan ba ka san shi ba, ba ka kuma san abin da ya cusa a ciki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk ranar da ka karɓo kwamfuta daga gyara, tun kana shagon ka buɗe "Windows Security" ka duba launi. Idan a kashe yake, ka ce, "Malam, a kunna mini shi kafin in tafi." Mai son rubuta takardu ba tare da biya ba, akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal.

Haka kuma kana cikin intanet sai shafi ya cika allo da jan rubutu, wani lokacin har da ƙara, wai an gano bairos biyar, danna nan ko kira wannan lamba. Ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya binciken cikin kwamfutarka. Rufe shi, kada ka danna komai a jikinsa, kada ka kira.

Mu koma kan filash ɗin yaron nan. Sau da yawa takardun ba su goge ba, ɓoye su aka yi, aka ajiye masu kibiya a madadinsu, kuma danna mai kibiyar ne ke tayar da bairos. Don haka kada a danna, kada kuma a yi gaggawar wanke filash ɗin. Danna maɓallin dama na maus a kan sunansa, ka zaɓi binciken Defender. Bayan ya kama abin da ya kama, wanda ya san aikin zai fito da ɓoyayyun foldojin cikin minti kaɗan. Ya fi kyau ma a ware filash guda na zuwa shago kawai, wanda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kansa.

Hotunan biki da na suna, takardun fili da na makaranta, a kwafe su zuwa faifan waje ko wani filash, a zare shi, a sa a akwati. Zarewar nan dole ce, domin mai garkuwa yana kulle duk abin da ya tarar a jone.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya buɗe "Windows Security" ya faɗa wa ɗan'uwansa launin da ya gani, ɗayan ya yi "Quick scan" ya karanto adadin fayilolin da aka bincika. Sannan ku yi musanya.

A gida, kowa ya rubuta a littafinsa abu biyar da ke cikin kwamfutarsa waɗanda ba zai so ya rasa ba, da inda kwafinsu na biyu yake. Wanda babu kwafi, a bar gurbinsa fili. Ranar darasi na gaba kowa ya zo da filash ɗinsa, za mu bincika su ɗaya bayan ɗaya kafin mu fara kwafa.