Yadda ake sayo Lexus mai ƙofa biyu a gwanjon Japan har ta iso Yamai

Wani ƙanena ɗan Tawa ya turo min hoto a WhatsApp, Lexus SC430 baƙa wuluk sai sheƙi take, wai yaya duba kuɗin, ai kyauta ce. Na ce masa kai dai dakata, turo min takardar gwanjon tukuna. Ya ce wace takarda kuma? To abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan.

Da farko dai kai da kanka ba ka iya shiga gwanjon. Manyan gidajen gwanjo irin su USS da TAA da JU diloli masu rajista kawai suke bari, dole ka samu wakili a can, ka aje masa kafin alƙalami, ka yanka masa iyakar kuɗin da za ka iya. Mota guda cikin ƴan daƙiƙu ake gama cinikinta, ga shi Japan ta riga mu da awa 8, ƙarfe goman safiyarsu kai ƙarfe biyun dare ne a Yamai kana sharar barci, babu zancen bari in yi shawara da alhaji.

Ka san sunan abin da kake nema. SC430 ɗin nan a Japan daga 2001 zuwa 2005 Toyota Soarer ake kiranta, sai daga 2005 ta koma Lexus, aka daina ƙera ta a 2010. Infiniti G37 kuma a can Nissan Skyline ce. In ka nema da sunan Amurka sai ka ce babu.

Yanzu takardar, nan maganar take. Sufeton gidan gwanjo ne yake duba mota ya cika ta da hannunsa. A sama gefen dama akwai maki: 5 da 4.5 mota ce mai tsabta, 4 ba laifi, 3.5 ta sha aiki. In ka ga R ko RA to ta taɓa yin haɗari an gyara, ni dai a irin wannan mota mai gudu ba na ko kallon R, duk arharta. Cikin mota kuma A ko B ko C, kujerun fata da suka kai C sun fara tsagewa, ka kawo su cikin ranar Afrilu ta Yamai ka ga abin da zai faru. A ƙasa akwai zanen motar an shimfiɗe ta kamar fatar rago, da haruffa a jiki: A ƙarzuwa ce, U lotsawa, W an gyara an sake fenti, XX an canza ɓangaren gaba ɗaya, S da C tsatsa. A1 ko U1, wato ƴar ƙaramar ƙarzuwa ko lotsawa, kar su dame ka, wata ɗaya a cunkoson Katako za ka ƙara naka. Tsatsar ƙasan mota ce abin tsoro, musamman wadda ta zauna arewacin Japan inda ake zuba gishiri a hanya saboda ƙanƙara. Kusa da kilomita in akwai alamar tauraro, an taɓa lambar, wuce kawai.

Shekara ma da lissafin sarautar sarkinsu suke rubutawa. In ka ga H da lamba, ka ƙara wa lambar 1988, wato H17 shi ne 2005. Sannan akwai rubutun hannu na sufeto da Japananci, nan ne yake faɗin ɗigon mai ko ƙarar inji ko warin taba, ka sa a fassara maka layi layi. Ni an taɓa yi min, wani wakili ya fassara min rabi ya haɗiye rabi, sai da mota ta iso makanisena ya ɗaga ta muka ga mai yana tsiyaya ƙarƙashin inji. Tun daga nan mutum biyu nake ba fassara.

Abin da ƙanen nawa bai lura ba a hoton, sitiyarin a dama yake, don su a hagu suke tuƙi mu a dama. Ka ɗauka kana hanyar Dosso zuwa Dogon Dutsi bayan wata tirela, kana son wuce ta amma kai kana can gefen daji, ba ka ganin mai tahowa sai ka fito da rabin motar, ko na kusa da kai ya riƙa ce maka tafi, tsaya. A peyaji ma sai ka miƙe ta kan kujera. Kafin ka tura ko dala je duwan da wajen masu kart giris ka ji matsayin mota mai sitiyari a dama da harajin mai shekarunta. In ba za ka iya ba, irin motar nan mai sitiyari a hagu tana gwanjon Amurka kamar Copart, sai dai can yawanci masu haɗari ne.

Kuɗin da ka gani a gwanjo somin taɓi ne. Akwai ladan gidan gwanjo, na wakili, kai ta tashar jirgi kamar Yokohama ko Nagoya, jirgin ruwa, taranziter, duwan, asiransi, lamba. Da can ta Kotonu da Gaya ake bi, tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma Lome su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja, lokaci da kuɗi duk suka ƙaru. Ka fara lissafi daga ƙofar gidanka ka koma baya, abin da ya rage shi ne iyakar da za ka ba wakili. Kuma ka ce a ɗoro ta kan babbar mota, kar ka yarda wani direba ya tuƙo ta.

Ranar da ta iso kar ka yi Tawa da ita don a gani. Garaji tukuna: mai, filta, ruwan radiyeta, da bel ɗin injin V8 ɗin nan mai lita 4.3 in ta kusa kilomita 100,000 ba shaidar an canza. Esansi mai kyau take so, ban da na kwalba a bakin hanya. Cikinta dab da ƙasa yake, a kan tudun rage gudu sai a karkace a hankali, da damina kuma wasu unguwannin sai dai ka bar ta gida ka hau kabu-kabu. Rediyonta ma a FM daga 76 zuwa 90 ta tsaya, yawancin tashoshinmu ba za ta kama ba sai an sa mata ƴar na'ura. Ƙanen nawa dai ya turo takardar daga baya, R ce, da XX uku a gaba.