Yadda Ake Gane Ko Ragowar Maganin Ƙwari a Jikin 'Ya'yan Itace Ta Kai Ga Cutarwa

Ido ba ya ganin ragowar maganin ƙwari, hanci kuma ba ya jin ta. Lemo na iya fitowa fes yana ƙyalli alhali yana ɗauke da abin da ya wuce ƙa'ida, wani kuma ya zo da farin tabo a ɓawonsa, a bincika a tarar busasshen ruwa ne da ƙura kawai. Don haka mai lambun da ke son sanin ko amfaninsa ya dace da ci, da dillalin da ke son sanin abin da yake saye, dole su bi hanyar rubutu da lissafi da awo. A ganina mafi yawan aikin yana ƙarewa ne tun kafin a tsinki ɗan itace ko ɗaya, wato a littafin da ake rubuta feshi.

Ka samu littafi, duk ranar da aka yi feshi ka rubuta kwanan wata, da ɓangaren lambun da aka fesa, da yawan maganin da aka zuba a kowace lita ta ruwa, da sunan sinadarin da ke cikin maganin. Sunan sinadarin ya fi sunan kasuwa muhimmanci, domin kamfanoni daban-daban kan sayar da sinadari ɗaya da sunaye barkatai, sai mutum ya fesa kwalba biyu yana zaton ya canza magani, ashe abu ɗaya ya ninka. Ana samun sunan sinadarin da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban suna. Awon ma a kula da shi, domin wanda ya tsiyaya magani a murfin kwalba har ya tumbatsa, sannan ya ƙara "kaɗan" don ƙwarin su mutu da wuri, ya riga ya rushe duk wani lissafi da zai biyo baya. Sirinji ko kofin awo mai layuka shi ne abin aiki.

Daga nan sai a duba takardar da ke manne a jikin kwalbar a amsa tambaya biyu. Ta farko, shin an yi wa wannan magani rajista don irin itacen da aka fesa wa? Maganin da aka amince da shi a kan auduga bai zama halal a kan mangwaro ba, tunda ba a gwada yadda yake raguwa a jikin mangwaron ba. Ta biyu, kwana nawa aka ce a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinka? Waɗannan kwanakin jira su ne ginshiƙin al'amarin, kuma su ne aka fi karyawa idan kasuwa ta yi kyau ko mai mota ya iso ƙofar lambu. Magani yana raguwa ne a hankali ta hanyar hasken rana da ruwan sama da girman ɗan itacen kansa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani sinadari yana raguwa da rabi duk kwana 5, kuma ranar feshi akwai miligiram 2 a kowane kilogiram: bayan kwana 5 saura 1, bayan kwana 10 saura 0.5, bayan kwana 15 saura 0.25. Wanda ya tsinka a kwana na 5 maimakon na 15 ya kai wa mutane ninki huɗu na abin da ya kamata, ko da kuwa bai ƙara ɗigo ɗaya ba a wajen haɗin.

Sai kuma a san halin maganin. Akwai masu tsayawa a saman ganye da ɓawo, irin su saifametirin, akwai kuma masu ratsawa cikin jikin itace su bi ruwansa, irin su daimetowet da imidakulofirid. Na farko wanki da ɓarewa suna rage su sosai, na biyu kuwa suna iya kasancewa cikin tsokar ɗan itacen, inda ruwan famfo ba ya kaiwa. Haka nan a tuna da abin da ake sawa bayan tsinka: a wuraren tattara lemo akan tsoma shi ko a shafa masa maganin ruɓewa kamar imazalil ko tayabendazol tare da kakin da ke sa shi sheƙi. Waɗannan maganin fumfuna ne, amma a takardar gwaji tare suke fitowa da na ƙwari.

Idan littafi ya nuna an bi ƙa'ida, awon ɗakin gwaje-gwaje tabbatarwa ne. Idan babu littafi, ko ana shakkar feshin maƙwabci da iska ta kwaso, awon ne kaɗai mafita, kuma ingancinsa ya rataya a kan yadda aka ɗebi samfur. Kada a tsinko daga bishiyar bakin hanya kaɗai, kada kuma a zaɓi masu kyau. A zagaya lambun a ɗebo daga bishiyoyi daban-daban, daga sama da ƙasa, daga ɓangaren da rana ke duka da kuma cikin inuwar rassa, inda magani ya fi daɗewa. Ƙa'idar 1999 ta Kodes, hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, kan ɗibar samfur ta ce ga 'ya'yan itace matsakaita, masu nauyin giram 25 zuwa 250, a kai aƙalla kilogiram 1 wanda bai gaza ƙwaya 10 ba, ga manya da suka haura giram 250 kuwa kilogiram 2 wanda bai gaza ƙwaya 5 ba. Ba a wanke samfur, ba a goge shi, ba a yanka shi. A zuba a sabuwar leda mai tsabta wadda ba ta taɓa kusantar kayan feshi ba, a rubuta kwanan wata da ɓangaren lambu, a ajiye a sanyi, a kai da gaggawa.

Wajen zaɓen ɗakin gwaji a tambaya ko yana da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, a kuma nemi jerin sinadaran da yake iya ganowa. Wannan tambaya ta biyu ana yawan mantawa da ita, alhali na'ura ba ta ba da labarin abin da ba a sa ta nema ba. Yawancin ɗakunan gwaji suna amfani da hanyar tacewa da ake kira QuEChERS, wadda aka fito da ita a 2003, sannan na'urori su tantance ɗaruruwan sinadarai a samfur guda. Ka ba su kwafin littafin feshinka don su tabbatar duk abin da ka fesa yana cikin jerin. Akwai kuma ƙananan kayan gwajin gaggawa masu canza launi. Suna da amfani wajen tankaɗe na farko, sai dai yawancinsu dangin maganin ƙwari biyu kaɗai suke kamawa, wato oganofosfet da kabamet.

Karanta sakamakon shi ne inda ake yawan ruɗewa. Za ka ga adadi da miligiram a kowane kilogiram, a gefensa kuma iyakar da doka ta yarda da ita, wadda ake rubutawa da haruffan MRL. Hukumar Kodes, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, tana fitar da irin waɗannan iyakoki, ƙasashe kuma suna da nasu, don haka a kwatanta da iyakar kasuwar da za a kai kayan. Tarayyar Turai, alal misali, tana amfani da miligiram 0.01 a kilogiram ga duk sinadarin da ba ta sa masa iyaka ta musamman ba. Ana tsayar da iyakar MRL ta kowane sinadari ne bisa abin da ke saura idan manomi ya bi ƙa'idar feshi, bayan an tabbatar adadin ba ya cutarwa. Ma'ana, tsallake ta alama ce ta cewa an saɓa ƙa'ida kuma kayan bai halatta a sayar ba, amma ba lallai ne wanda ya ci ya kamu da ciwo ba. Inda aka rubuta cewa ba a gano komai ba, abin nufi shi ne ragowar ba ta kai mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya aunawa ba, don haka a duba wannan adadin shi ma.

Tambayar lafiya kai tsaye tana da nata ma'auni guda biyu. Ɗaya shi ne abin da mutum zai iya ci kullum tsawon rayuwarsa ba tare da illa ba, ɗayan kuma abin da zai iya ci a zama ɗaya ko yini ɗaya. Ana samo su ne daga gwajin dabbobi: a ɗauki adadi mafi yawa da bai nuna illa ba, a raba shi galibi da 100, wato 10 saboda bambancin dabba da mutum, 10 kuma saboda bambancin mutane a tsakaninsu. Lissafin ba shi da wuya. A ce ma'aunin kullum na wani sinadari miligiram 0.01 ne ga kowane kilogiram na nauyin jiki. Yaro mai kilogiram 15 iyakarsa miligiram 0.15 ke nan a yini. Idan gwaji ya nuna miligiram 0.2 a kilogiram na tuffa, yaron kuma ya ci giram 200, ya sha miligiram 0.04, wato ɗan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na iyakarsa. Da yaro ya kamata a riƙa yin wannan lissafi, domin jikinsa ƙarami ne kuma yana cin 'ya'yan itace da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa. A lissafin zama ɗaya kuwa masana kan ninka adadin ragowar da aka gano sau 3, saboda ƙwaya ɗaya a kwando na iya ɗaukar magani fiye da 'yan uwanta.

Ilimin nan yana canzawa, kuma dole a bi shi. An sa maganin ƙwari endosalfan cikin jerin Yarjejeniyar Sitokholm, wadda ke hana sinadarai masu daɗewa a muhalli, a 2011, Tarayyar Turai kuma ta janye amincewarta da kulofirifos a 2020 saboda damuwa kan ƙwaƙwalwar yara. Tsohuwar kwalba a ɗakin ajiya na iya ɗauke da umarnin da ya daina aiki. Wanda ya gaji tsohon lambu ma ya kyautu ya sa a auna ƙasarsa, domin gonakin tuffa da aka fesa wa haɗin dalma da asenik a Amurka har zuwa shekarun 1940 suna ɗauke da su a ƙasa har yau.

Idan sakamako ya haura iyaka kuma 'ya'yan suna kan bishiya, a ɗaga tsinka a sake gwaji. Idan an riga an tsinka, kada a gauraya su da masu tsabta don a ɓoye. A gida kuwa, a wanke a ƙarƙashin ruwa mai gudu ana murzawa da hannu, ba tare da sabulu ba. Wani bincike na Jami'ar Masacuset a 2017 ya nuna jiƙa tuffa na minti 12 zuwa 15 a ruwa mai giram 10 na bekin soda a kowace lita ya cire abin da ke saman ɓawo, amma bai kai ga wanda ya riga ya ratsa cikin ɓawon ba. Wannan sai ɓarewa. Mai goga ɓawon lemo a abinci ya nemi wanda ba a shafa wa komai ba bayan tsinka. Duk wanda kuma ya fara zufa da dalalar miyau da amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido bayan ya ci ɗan itacen da aka fesa kwanan nan, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar maganin ko hoton takardarta don likita ya san sinadarin da yake fuskanta.