Zuwa Jamus karatun musaya: yadda za ka zauna lafiya kuma ka kama Jamusanci

Ƙannena na ABU masu shirin tafiya Jamus na simesta ɗaya ko biyu, dan Allah tun kuna Samaru ko Kongo ku fara koyon yaren nan, kar ku ce sai an je. Na san abin da ake faɗa, wai ai karatun da Turanci ne kuma Jamusawa suna jin Turanci. Eh matasansu suna ji, amma wasiƙar da za ta faɗo maka a akwati daga ofishin gari ko kamfanin inshora da Jamusanci za ta zo, haka sanarwa a tashar jirgi idan an canza layi, kuma wallahi abin takaici ne mutum ya yi wata shida a ƙasa ya dawo Zariya bai wuce gaisuwa ba.

Toh ta ina za a fara? DW ɗin nan da iyayenmu ke sauraron sashen Hausarta a rediyo tana da darussan Jamusanci kyauta a intanet tun daga matakin farko, wato A1, data kawai za ka ƙona. Ka ware rabin awa kullum bayan asuba, ya fi ka tara awa biyar ranar Lahadi. Idan ana neman takardar shaida, Goethe-Institut da ke Legas ne ke yin jarrabawar.

Kowane suna ka haddace shi tare da der ko die ko das ɗinsa, kar ka taɓa rubuta shi tsirara a littafi. Mu a Hausa mun saba da namiji da mace, su uku ne nasu, kuma yawanci ba a gane su da ido sai da hadda. Wanda ya yi Islamiyya kuwa yana da riba babba, domin sautin ch na kalma kamar Buch kusan kha ɗin Larabci ne, sannan ƙirgarsu ma irin ta Larabawa ce, ɗaya da ashirin suke cewa maimakon ashirin da ɗaya. Wannan ƙirgar ka yi ta maimaitawa da baki sosai, don a gaban mai karɓar kuɗi a kanti za ta fara yi maka amfani, mai karɓar za ta faɗi kuɗin da sauri ga layi a bayanka. Duk babba ko baƙo ko malami ka kira shi da Sie, wato "ku" na girmamawa, sai in shi ya ce maka ku koma du, wato "kai".

Maganar takardu a taƙaice. Idan ba ka da tallafi irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, biza na buƙatar asusun da ake kullewa, tun Satumbar 2024 Yuro 11,904 ne na shekara, wato 992 duk wata, ka sake duba adadin a shafin ofishin jakadanci kafin ka tura kuɗi. Inshorar lafiya dole ce, ba a rajistar jami'a sai da ita. Simestar hunturu a Oktoba take farawa, ta bazara a Afrilu, don haka neman ɗaki a Studierendenwerk, hukumar da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, ka yi shi da zarar takardar karɓa ta zo, ɗakunan suna ƙarewa da wuri.

Da ka shiga ɗaki kana da kwana 14 ka yi Anmeldung, wato rajistar adireshi a ofishin gari, ka tafi da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu. Ni a ganina nan ne ya kamata ka fara gwada bakinka, ka rubuta jimla uku a takarda ka karanta wa ma'aikacin, idan abu ya cije sai a koma Turanci.

Wurin zama shi ne rabin karatun. Idan ka samu WG, gidan da ɗalibai ke haɗa kicin da banɗaki, ka karɓa ko da kana jin nauyi. 'Yan'uwanmu 'yan Najeriya da 'yan Nijar a haɗu ranar Juma'a a sha hira, wannan ya zama dole, amma idan da su kake kwana da su kake tashi Hausarka ce kawai za ta ƙaru. A kicin ɗin WG, kana soya albasa wani yana dafa taliya yana tambayarka me kake haɗawa, nan harshe yake sakuwa. Za su juya maka zuwa Turanci da zarar sun ji ka yi tuntuɓe, don kyautatawa suke yi, ka roƙe su a hankali su ci gaba da Jamusanci. Ka kuma nemi abokin Tandem, kai ka koya masa yarenka shi ya koya maka nasa, kuma kar ka raina Hausarka, a jami'o'in Hamburg da Leipzig da Frankfurt akwai masu karatunta suna neman wanda za su yi magana da shi. Idan darasin jami'a bai ishe ka ba akwai Volkshochschule, ajin yamma mai sauƙin kuɗi a kusan kowane gari.

Abinci kuma, kalmar Schwein ka riƙe ta tun daga Kwangila, alade ke nan, ka riƙa juya leda kana duba ta da Gelatine, sinadarin da sau da yawa daga alade ake yin sa. Naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa ake samu, kuma su za su nuna maka masallaci. Ka taho da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ban da kilishi, ba a yarda a shiga da nama Tarayyar Turai ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sayayya ranar Asabar. Robar ruwa ko gwangwani mai alamar Pfand kar ka jefar, injin kanti zai mayar maka da santi 25.

Sanyin Disamba ya wuce hunturun Samaru nesa ba kusa ba, wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk sun matso kusa da juna, sai ka tsara su da lokutan lacca tun farkon simesta. A irin wannan lokacin ne kewar gida ke kama mutum ya kulle kansa a ɗaki da waya. Ka sayi jaket mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga a can, ka yi rajistar wasannin jami'a, ko ƙwallo ce sau ɗaya a mako, ka riƙa fita.