Gwanzu da Jakar Goyo: Yawon Gari, Cin Halal da Sayayya

Mutanen Maraɗi da yawa sun je Gwanzu, wato Guangzhou, amma daga filin jirgi sai otel, daga otel sai kasuwa, tafinta a gaba suna biye, har su dawo gida ba su ga garin ba. Mai jaka ɗaya a baya da ɗan guzurinsa zai iya ganin gari, ya ci halal, ya yi sayayya da rahusa, in dai ya riƙe tsari guda: kwanakin farko na ƙafa ne da ido, kuɗin kaya ba sa fita sai kwana biyun ƙarshe. Wanda ya sayi kaya tun ranar farko, da su zai yi ta hawan matakala, kuma gobe ya tarar da irinsu a wata kasuwa da rabin kuɗin.

Tun daga gida

Biza a ofishin jakadancin Sin da ke Yamai ake nema, kuma katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Sefa ba ta canzuwa a can, sai yuro ko dalar Amurka, ka canza a Bank of China da fasfonka. Yuwan ɗaya yana kai wa wajen sefa 80, yana hawa yana sauka, ke nan takardar yuwan 100 ta kusa jikka 8. Kuɗin waje da suka haura dalar Amurka 5,000 sai an bayyana su ga duwan wajen shiga.

Waya ita ce ke ba baƙi wahala. WhatsApp, Facebook da Google ba sa buɗewa da layin Sin, don haka ka saka wa iyalinka WeChat tun kana Maraɗi, ku gwada kira. Ka sauke Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, ka haɗa shi da katin Visa ko Mastercard tun layinka na gida yana karɓar saƙon tantancewa. Hatta mai gasa dankali a bakin hanya da waya ake biyansa. Tsabar kuɗi tana karɓuwa, canji ne ke wuya, sai ka riƙe ƴan yuwan 10 da 20. Taswira kuwa Amap ce ke aiki. Agogonsu ya riga namu da awa 7.

Ka kauce wa tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin baje kolin Kanton (wani sunan Gwanzu ne) da ake yi tun 1957, domin kuɗin otel yana tashi ƙwarai. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, tafiyar ƙafa tana daɗi.

Masauki da jirgin ƙarƙashin ƙasa

Unguwar Xiaobei ta fi sauƙi ga baƙo Musulmi, nan ƴan Afirka da gidajen abincin halal suka fi yawa. Daga filin jirgin Baiyun ka hau Layi 3, ka sauya zuwa Layi 2 a Jiahewanggang, ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, daga nan zango ɗaya ne a Layi 5. Kuɗin jirgi daga yuwan 2 yake farawa. Kowace ƙofa akwai na'urar duba jaka, wuƙa ko ta yankan lemu ce ba ta wucewa.

Kafin ka biya otel, ka tabbatar suna yi wa baƙon waje rajista wurin ƴan sanda. In gidan wani ɗan'uwa ka sauka, kai da shi za ku je ofishin ƴan sandan unguwar cikin awa 24. Fasfo kullum a jikinka. Wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, tarar yuwan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi.

Yawon gari

Kowace rana ka ba ta layi guda. Ranar Layi 1, ka sauka a Ximenkou, ka taka zuwa titin Guangta inda Masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafi tsufa a ƙasar Sin. Hasumiyarsa zagayayyiya ce, sumul ba ado, tsayinta wajen mita 36, alhali ginin masallacin da rufin Sinawa yake mai lanƙwasassun baki. Ka daidaita zuwanka da Azahar. Zango na gaba shi ne gidan zuri'ar Chen da aka kammala a 1894, wanda ke son sassaƙar katako da ta bulo zai daɗe a can. Da la'asar ka ƙarasa Huangsha ka tsallaka tsibirin Shamian, inda Turawan Ingila da Faransa suka zauna a ƙarni na 19. Shiga kyauta ne, ga inuwar manyan itatuwa ga bakin kogi.

Juma'a kuwa ta Layi 2 ce. Ka sauka a Yuexiu Park da safe, ka shiga lambun kyauta ka ga mutum-mutumin awaki biyar da hasumiyar Zhenhai da aka gina a 1380, sannan ka tsallaka titi zuwa Masallacin Xianxian tun kafin sahu ya cika. Musulmin garin suna danganta ƙabarin da ke wurin ga Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun ce a Madina aka binne shi. Abin da zai kai ka shi ne jam'in, Sinawa da Larabawa da ƴan Pakistan da namu a sahu ɗaya.

Hasumiyar Kanton mai mita 600, wadda aka buɗe a 2010, hawanta da tsada. A ganinmu mai ƙaramin guzuri ya tsaya dandalin Huacheng bayan Magariba, ya kalle ta daga tsallaken kogi tana sauya launi. A gefen titi ka riƙa waiwaye, baburan lantarki ba su da ƙara, kuma ta hanyar masu ƙafa suke bi.

Abinci

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa. Ka ajiye hoton wannan alama a wayarka: 清真, ita ce halal, galibi a kan koren allo. Ka haddace huɗu kuma: 猪 alade, 牛 saniya, 羊 rago, 鸡 kaza. In an rubuta 肉 shi kaɗai ba a faɗi dabbar ba, naman alade ake nufi.

Abincin titi na mutanen Kanton yana da ban sha'awa, amma alade ya ratsa shi ta inda ido ba ya gani. Ƴan ƙunshin fulawa da ake turarawa cikin kwandon gora, ko an ce na jatan lande ne, sau da yawa da kitsen alade aka haɗa. Romon taliya na ƙashinsa ne, ganye ma akan soya shi da mansa, kuma ana zuba giyar girki a miya. A gidan burodi za ka ga wani burodi da aka barbaɗa wa abu ja-ja mai laushi kamar dambun nama. Na alade ne, kar ka taɓa. Kaza da kayan cikin saniya da ake dafawa a bakin titi kuma ba yankan Musulmi ba ne.

Abin ci bai ƙare ba. Shagunan taliyar Lanzhou suna kusan kowace unguwa: a gabanka za a ja ƙullun da hannu, a jefa a tafasasshen ruwa, a zubo romon saniya da farin ridish da man barkono. In ba ka son yaji, ka nuna man ka girgiza kai tun kafin a zuba. Wurin mutanen Xinjiang akwai tsiren rago, da gurasar tanderu mai kwana biyu a jaka ba ta lalace ba, da shinkafa dafa-duka da karas da naman rago. Wanda ke son ɗanɗana girkin Kanton na halal ya nemi gidan abincin Huimin Fandian a titin Zhongshan na 6, kusa da Ximenkou. A titi kuma gasasshen dankali, dafaffiyar masara, ruwan rake da ƴaƴan itace ba su da matsala.

Farashin kayan awo na jin ne, wato rabin kilo, sai ka ninka kafin ka ce da araha. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa. Bayin gwamnati kyauta ne, amma babu buta kuma sau da yawa babu takarda, ka riƙe gorar ruwa a jaka.

Kasuwa

Kowace haja da unguwarta. Tufafi a Baima kusa da tashar jirgin ƙasa, takalma da agogo a titin Zhanxi, jakunkuna da kayan fata a Sanyuanli, yadi a Zhongda kan Layi 8, kayan wasan yara da tarkace a Yide Lu kan Layi 6, kayan waya a Nanfang Dasha. Kasuwar tufafi ta Shisanhang ta sammako ce, da rana ta yi an fara rufewa.

Ranar dubawa ka ɗauki hoton kaya tare da katin shagon, domin benayen suna kama da juna, ba za ka gane wurin ba gobe. Ka tambayi farashi biyu, na guda ɗaya da na sari, kan na'urar lissafi ake rubutawa. A shagon sari ragin kaɗan ne, yawan kaya ke karya farashi. A shagunan titin Beijing da Shangxiajiu masu allon farashi ba a ciniki sosai. Allon da aka rubuta 8折 yana nufin ka biya kashi 80 cikin 100. Alipay da katin waje yana cire kashi 3 cikin 100 a biyan da ya wuce yuwan 200.

Awon tufafinsu ya fi namu ƙanƙanta, ka tafi da tef da awon mutanen gida a rubuce. Wayar da aka yi don kasuwar Sin ba ta zuwa da Google Play, ka nemi ta fitarwa waje, a kunna a gabanka, ka danna *#06# ka gwada lambar da ta kwali. Kar ka biya duka a kan samfuri: ka ba da kafin alƙalami, a rubuta launi da adadi a rasit, ka buɗe kwali ka ƙirga sannan ka cika. Kayan da aka manna wa sunan manyan kamfanoni na jabu ne, duwan na iya ƙwacewa.

Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya. Abin da ya fi kilon tikitinka ka kai wa masu jigila a Xiaobei: ta sama da kilo suke lissafi, ta ruwa da girman kwali. Ka tambaye su ta Lome ko ta Kwatano kayan za su bi, ko kuɗin duwan yana ciki, da inda za ka karɓa, Maraɗi ko Yamai. Ka rubuta sunanka da lambarka a gefe biyu na kowane kwali, ka ɗauki hotonsa a kan sikeli tare da rasit.