Yadda Ake Zaɓen Masauki da Girka Moodle Domin Cibiyar Darasi a Kano

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin darasin yamma da ke unguwanni irin su Kabuga da Tarauni da Gwale suka shiga neman hanyar da ɗalibansu za su saba da amsa tambayoyi a gaban kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Manhajar da nake ba da shawara a kanta ita ce Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002. Kyauta ake samunta, tana shirya gwaji mai ƙayyadadden lokaci, ta gauraya tambayoyi ga kowane ɗalibi, ta kuma fitar da maki nan take.

Kada a ɗora ta a kan kwamfutar ofis. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a Kano, musamman a tsakiyar bazara lokacin da ɗalibai suka fi buƙatar bita, ya san cewa ranar da aka ɗauke wuta kuma man janareta ya ƙare, darasi ya tsaya ke nan. Gara a kama hayar masauki, wato gurbin ajiye shafi a intanet, a wurin kamfanin da sabarsa (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan) ke aiki dare da rana, kuma idan yana karɓar naira ya fi, domin tashin dala ba zai riske ka ba zato ranar sabunta haya ba. Adireshin shafin mai ƙarewa da .com.ng ko .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, yawanci a wurin kamfanin ake yi masa rajista.

Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa kamfanin tambayoyi, domin a nan ne akasarin mutane ke yin asara. Moodle 4.5, wadda ta fito a watan Oktoban 2024, tana buƙatar PHP (harshen da aka rubuta ta da shi) daga 8.1 zuwa 8.3, da rumbun bayanai na MySQL 8.0 ko MariaDB 10.6.7. Ka tambaya ko za su bari a ɗaga saitin PHP mai suna max_input_vars zuwa 5000, domin idan bai kai haka ba girkawar za ta tsaya tun a matakin bincike. Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce ko suna yarda aikin cron, wato tsarin da ke sa sabar ta yi ayyukan Moodle da kanta, kamar tura saƙonni, ya riƙa gudana kowane minti ɗaya. Wasu kamfanonin masu arha sukan taƙaita shi, kuma na taɓa ganin cibiyar da malamanta suka shafe mako guda suna zargin ɗalibai da ƙin duba saƙo, alhali saƙonnin ba su taɓa fita daga sabar ba saboda cron ɗin ba ya gudana.

Idan amsoshin sun gamsar da kai, ka shiga cPanel, wato shafin sarrafa masaukin da kamfanin zai ba ka. Da farko ka kunna shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce kuma takan sabunta kanta, domin adireshin ya fara da https tun daga ranar farko. Sauya shi bayan an girka yana da wahala. Sannan ka buɗe Softaculous, manhajar girkawa da ke cikin cPanel, ka nemi Moodle, ka danna girkawa.

Wurare biyu ne a wannan fom ɗin suka cancanci natsuwa. Na farko shi ne foldar moodledata, inda takardun darasi da ayyukan ɗalibai ke taruwa: dole ta zauna a wajen public_html, foldar da kowa ke iya gani ta intanet, in ba haka ba wanda ya san hanya zai iya buɗe fayilolin makaranta ba tare da kalmar sirri ba. Na biyu shi ne tsarin haruffan rumbun bayanai, wanda ya kamata ya zama utf8mb4. Mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ mun fi kowa buƙatar kula da wannan, domin a tsohon tsarin latin1 sunan yaro irin su Ɗanladi yakan fito da alamar tambaya a maimakon harafin farko, kuma ajami ko nassin Larabci da malamin Islamiyya ya saka zai rikice gaba ɗaya.

Sunan mai gudanarwa kada ya zama admin, kalmar sirrin kuma kada ta zama lambar wayarka. Bayan an gama, ka saita agogon manhajar a kan Africa/Lagos domin gwajin ƙarfe huɗu ya buɗe da ƙarfe huɗun Kano, ka koma cPanel ka tabbatar cron yana kiran admin/cli/cron.php kowane minti.

Ragowar aikin na waya ne, tunda da ita mafi yawan ɗalibai za su shiga, kuma datarsu ƙididdigaggiya ce. Ka rage nauyin hotuna da takardun PDF kafin ka ɗora su. Ka ari ƙaramar waya irin wadda ake saya a kasuwar Farm Centre, ka buɗe asusun ɗalibi na gwaji, ka amsa tambayoyi goma da kanka ka ga ko makin ya fito daidai. Kafin ka raba wa ɗalibai adireshin, ka sauke kwafin rumbun bayanai da na foldar moodledata a filas, ka kuma sa wa kanka ranar maimaita hakan kowane mako.