Darasi na 9: Sana'ar wankin mota, daga bokiti biyu zuwa wanki na tsaf

Duk wanda ya bi titunan Yamai, daga Wadata zuwa Yantala ko hanyar Talladje, zai ga wuraren wankin mota a bakin hanya. Suna da yawa, don mota ba ta daɗewa da tsabta a garin nan. Da hunturu ƙura ce, da damina jar laka ce ta unguwannin da ba kwalta. Aiki ba ya yankewa. Sai dai mafi yawan masu wankin abu ɗaya suke yi: a watsa ruwa, a goga kumfa, a ɗauraye, a karɓi jika guda. Maƙwabcinka ma haka yake yi, shi ya sa ba ka iya ƙara ko dala a kan farashi.

Akwai wani aikin da ya fi wannan kawo kuɗi, shi ne wanki na tsaf. A nan ana bin mota lungu-lungu: kujeru, rufin ciki, tapi, ramukan iska, gilasai, ƙarfen taya, har a shafa wa fenti man ƙyalli. Yana cin lokaci, amma ba ya cin ruwa da yawa, kuma wanda aka yi wa da kyau yana dawowa. Namiji ko mace, kowa na iya mallakar irin wannan wuri.

Yashi ne ke ɓata fenti

Ka duba baƙar mota a cikin rana. Za ka ga ƙananan karce sun zagaye jikinta kamar saƙar gizo. Mafi yawansu daga wurin wanki suka fito. Ƙurar garinmu tana ɗauke da yashi, kuma yashi ya fi fenti tauri. Idan ka sa tsumma a kan mota mai ƙura ka goga, yashin kake ja a kan fenti. Don haka kada ka taɓa goge ƙura a bushe, ko da mai motar yana gaggawa ya ce a ɗan kaɗe masa. Fara zuba ruwa daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka da kanta.

Sannan ka ajiye bokiti biyu. Ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da ka goge wani ɓangare, ka fara ɗauraye soson a ruwa zalla, ka matse, kafin ka mayar da shi cikin kumfa. Yashin zai kwanta a gindin bokitin ɗauraya, ba zai koma jikin mota ba. Idan ka gama mota ɗaya, leƙa gindin bokitin nan ka ga abin da ka raba fenti da shi.

Daga sama ake farowa, don ƙasan mota ya fi datti. Tayoyi da ƙasan ƙofofi su ne na ƙarshe, kuma sosonsu daban. Ka ɗaura masa zare ko ka sayi mai wani launi, don yaranka kada su haɗa. Soson da ya faɗi ƙasa ba ya komawa kan fenti sai an wanke shi sarai.

Maganar sabulu fa? Garin sabulun wankin tufafi yana da araha, yana kumfa sosai, shi ya sa kowa ke son sa. Amma yana da kaifi. Yana cire man da ke kare fenti, yana sa robar gefen gilashi ta yi fari. Yau da gobe fentin ya dushe. Sabulun ruwa na mota ya fi tsada a kwalba, amma kaɗan ake zubawa a bokiti. Karanta adadin da aka rubuta a jikin kwalbar, ka auna da murfi. Wurin goge ruwa kuwa, nemi tawul mai laushi. Tsohuwar riga mai maɓalli ko zif ba ta aikin nan.

Inuwa dole ce. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, jikin mota kuwa ya fi haka zafi. Kumfa tana bushewa kafin ka ɗauraye, ruwa ya bar ɗigo-ɗigon fari. Gilashin da ya ɗan tsage ma, idan ya sha rana aka kwara masa ruwan sanyi, tsagar na iya ƙaruwa. Rumfar kwano ko ta tamfol ta fi gindin bishiya, don tsuntsaye ba sa jiran ka gama.

Cikin mota

A nan ne ake gane gwani. Mai mota ba ya ganin rufin motarsa idan yana tuƙi, amma yana ganin tablo, wato allon da ke gaban direba, yana shaƙar warin kujera.

Ka'ida ita ce busasshen aiki kafin jiƙaƙƙe. Fitar da tapi duka ka kakkaɓe, ka wanke su a waje, ka shanya. Ɗauki sabon buroshin fenti mai laushi ka bi ramukan iska, da gefen maɓallai, da tsakanin kujeru. Tsohon buroshin haƙori yana shiga inda yatsa ba ya kaiwa. Sai an kwashe ƙura da ɓawon gyaɗa da duk abin da yara suka zubar, sannan a kawo ruwa.

Kujerar yadi ba a jiƙa ta sharkaf. Soson da ke cikinta yana riƙe ruwa, bayan kwana biyu motar ta ɗauki warin ruma, mai ita kuma ba zai manta wanda ya yi masa haka ba. Kumfa kaɗan za ka sa, ka goga da buroshi, ka danna busasshen tawul ya tsotse. Ka maimaita har tawul ya daina ɗaukar datti, sannan ka bar ƙofofi a buɗe. Kujerar fata kuwa tsumma mai laima ya ishe ta, sai man fata a bayansa. Ruwan jabel ba ya shiga mota ko kaɗan, yana cinye launin yadi. Kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki, don yana iya fitar da iska mai guba.

Man da ake shafa wa tablo ya yi ƙyalli yana da santsi. Kada ya taɓa sitiyari, ko abin taka birki, ko gilashi. Ƙafa tana iya zamewa daga birki saboda shi. Gilashin baya yana da siraran layuka a ciki, ka goge a hankali kana bin tsawonsu. Gilashi mai duhu kuma sau da yawa leda ce aka manna masa ta ciki, farce ma yana karce ta.

Inji shi ne wurin da ake asara. Motocin yanzu suna da kwamfuta da wayoyi masu yawa. Ruwa mai ƙarfi ya shiga wurin da bai kamata ba, mota ta ƙi tashi, kuɗin gyara ya cinye ribar wata guda. Idan mai mota bai ce a wanke inji ba, kada ka buɗe. Idan ya ce a wanke, bari ya huce, ka rufe kayan wuta da leda, ka yi aiki da buroshi da tsumma. Idan ba ka saba ba, faɗa masa gaskiya ya kai wa bakanike.

Kafin ka taɓa mota

Zagaya ta tare da mai ita. Magana ce ta minti biyu:

— Alhaji, don Allah a zo mu duba tare kafin in fara. Ga karce nan a ƙofar baya.
— Na san da shi, ya daɗe.
— To madalla. Akwai kuɗi ko takardu a ciki?
— Bari in ɗauke jakar nan, sauran ka bar su.

Idan direba ne ya kawo motar, ɗauki hoton karcen da salula a gabansa. Abin da ka tsinta a ciki, ko dala biyar ce da ta faɗa ƙarƙashin kujera, sa shi a leda ka miƙa. Ka hana yaranka kunna rediyon mutane, da tuƙa mota ba takardar tuƙi. Yaro ɗaya mai ɗan hali ya isa ya rufe maka wuri.

Littafin shiga da fita

Sayi littafi na ƴan makaranta. Kowace rana shafinta. A baki muna cewa dala, amma a takarda faran ake rubutawa. Dala 1 faran 5 ce, dala 100 faran 500, jika guda faran 1.000. Ka tsaya a kan faran kullum, kada ka gauraya. Ga misalin shafi ɗaya. Alƙaluman na koyo ne, kai ka sa na wurinka.

Shiga:
Wankin waje, mota 6 a kan 1.000 = 6.000
Ciki da waje, mota 2 a kan 2.000 = 4.000
Babur 4 a kan 500 = 2.000
Jimla: 12.000

Fita:
Ruwa 1.500
Sabulu 700
Yara biyu 3.000
Abinci 1.000
Hayar wuri ta yini 1.000
Ajiyar kayan aiki 800
Jimla: 8.000

Abin da ya rage 4.000 ne. Wannan ce ribar yini, ba 12.000 da ke aljihu ba. Mutane da yawa suna manta layi biyu na ƙarshe. Hayar 30.000 a wata, idan aka raba ta kwana 30, kullum 1.000 ce, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ajiyar kayan aiki kuma ita ce za ta sayi sabon tiyo ranar da tsohon ya fashe. Kuɗin cefanen da ka ɗauka, shi ma rubuta shi.

Ruwa ana auna shi. Bido ɗaya lita 25 ne. Tano mai lita 200 yana cin bido 8. Abin da kamfanin ruwa ke kira mita kubik lita 1.000 ne, wato tano 5. Ƙidaya bido nawa mota ɗaya ke sha a wurinka, ko daga pampo kake ɗiba ko daga ƴan garuwa.

Yanzu kwatanta. A ce wankin waje yana shan bido 2. Kafin ka tara 10.000 sai ka wanke mota 10, ka zubar da bido 20. A ce wanki na tsaf kana yin sa a kan 10.000, ya sha bido 4, da kayan shafa na 1.500, da rabin yini. Mota ɗaya ke nan. Ba kullum ake samun ta ba, amma biyu a mako suna sauya lissafin wata.

Yadda wuri ke girma

Mai sabon wuri yakan ɗokanta ya sayi injin fesa ruwa, don yana da ƙara, yana jawo ido. A ganina injin zuƙe ƙura ya kamata ya riga shi. Wankin waje bokiti na iya yin sa, amma yashin da ya shige tapi hannu ba ya fitar da shi duka. Bayan rumfa da tano biyu, waɗanda za ka samu a kasuwar Katako, sai injin zuƙe ƙura, sannan na fesa ruwa. In ka same shi, kada ka kusanto bakinsa da fenti, bar tazarar kamu ɗaya da ɗoriya, don yana ɓamɓare fentin da ya fara tashi. Injin goge fenti shi ne na ƙarshe. Yana cin saman fenti ne kaɗan-kaɗan, idan ya daɗe wuri ɗaya sai ya ƙone shi. Sayi tsohuwar ƙofar mota wurin masu kayan gwangwan ka koya a kanta tukuna.

Kowane inji a saye shi da ajiya ko da kwasar adashe, bayan littafi ya nuna cewa ana samun riba wata uku a jere. Kada kuma ka yar da bokiti. Mutanen Yamai ba su manta 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya wata da watanni. Da bazara ma wuta takan ɗauke. Wayar wuta kada ta kwanta cikin ruwa, yara kuma su sa takalmin roba.

Ruwan wanki kada ya malala titi ko ƙofar maƙwabta. Yana tara sauro, yana jawo ƙara wurin magajin gari. Haƙa rami ka cika da tsakuwa, ruwan ya riƙa nutsewa. Kafin ka kafa rumfa a bakin hanya, je ofishin magajin garin yankinku, cikin yankuna 5 na birnin, ka nemi izini.

Ciniki yana da ranakunsa: yammacin Alhamis da safiyar Juma'a, jajibirin salla, ranakun ɗaurin aure. Bayan babbar salla ka tuna wa mutane da wankin ciki, don motoci sun ɗauki raguna da gawayi da nama. Rubuta lambar wayar duk wanda aka yi wa wanki na tsaf, da ranar da aka yi. Bayan wata biyu ka aika masa gaisuwa ta WhatsApp. Masu taksi suna son farashin mako. Masu sayar da motocin hannu suna son mota ta yi ƙyalli kafin mai saye ya zo. Ma'aikatu da ƙungiyoyi kuwa takardar biya suke nema, kuma ba sa karɓar ta sai da lambar haraji da ake kira NIF da rajistar kasuwanci. Ana yin waɗannan takardu ta Maison de l'Entreprise a nan Yamai. Irin wannan kwangila a ƙarshen wata ake biyan ta, wani lokaci har a wuce, don haka kada ka karɓe ta sai kana da kuɗin ruwa da na yara na wata guda a ajiye.

Aikin gida

1. Me ya sa ake ajiye bokiti biyu? Rubuta amsa a jimla biyu.
2. Mai babur ya ba ka dala 150. Faran nawa za ka rubuta?
3. Tano 3 sun ƙare a yini, an wanke mota 12. Bido nawa kowace mota ta sha?
4. Injin zuƙe ƙura, a misali, 60.000 ne. Kana ajiye 1.500 kullum. Kwana nawa za ka yi kafin ka saya?
5. Je wurin wankin mota mafi kusa da gidanku. Tambayi farashin kowane irin wanki, ka rubuta, ka kawo aji mako mai zuwa.