Yadda ake auna antiyoksidan ɗin zoɓo da sinadarin DPPH

DPPH gari ne da ke ba da launin shunayya idan an narka shi. Da zarar ya haɗu da antiyoksidan, wato sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, sai launin ya kode ya koma rawaya, kuma wannan kodewar ita ake aunawa.

A shanya zoɓon a inuwa, domin rana na cinye sinadaran da ake nema. A niƙa shi lukwi, a jiƙa giram 1 a mililita 20 na metanol mai kashi 80 cikin ɗari (sauran ruwa), a girgiza na awa guda, a tace. Metanol guba ne, a sa safar hannu, a buɗe tagogi.

A narka miligiram 3.94 na DPPH a mililita 100 na metanol, a naɗe kwalbar da takardar alminiyom. Haske na lalata shi, gara a haɗa sabo ranar gwaji. A zuba mililita 3.9 na ruwan DPPH ɗin a kwalbar gwaji, a ƙara mililita 0.1 na ruwan zoɓon. A tanadi wata kwalbar mai DPPH da aka sa metanol zalla a madadin zoɓo, ita ce ma'auni. A ajiye su cikin duhu minti 30, sannan a karanta a na'urar sifektirofotomita, mai auna yawan hasken da ruwa ke sha, kan tsawon zangon haske na nanomita 517. A cire karatun zoɓo daga na ma'auni, a raba da na ma'auni, a ninka da 100, shi ne kashin kodewar. Kowane gwaji a yi shi sau uku.

Zoɓo yana da tarko nasa. Jan launinsa daga wani sinadari mai suna antosayanin yake, shi kuwa yana shan haske a wajen nanomita 520, dab da inda ake karanta DPPH. Na'urar za ta haɗa launukan biyu, zoɓon ya fito da rauni fiye da gaskiya. Maganinsa kwalba ta uku: mililita 0.1 na zoɓo cikin mililita 3.9 na metanol, ba DPPH. A cire karatunta daga na zoɓo kafin lissafi.

Idan kodewar ta haura kashi 80, a sirka ruwan zoɓon a sake, don daga nan lissafin ba ya tafiya daidai. Kashi kaɗai ma ba ya kwatantuwa da aikin wani ɗakin gwaji, sai an gwada Trolox, wani antiyoksidan da ake kwatance da shi, mai ƙarfi daban-daban an bayyana sakamakon a mizaninsa, bisa kowane giram na busasshen zoɓo.